John Brown: gwarzo ko makashi? Yadda zaure ya kaure daren Talata

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake. Malamin ajinmu na dare ya soke mini amsa don na ce yaƙin basasar Amurka a Kansas ya fara, ba a 1861 ba. Ku duba fa: dokar Kansas-Nebraska ta 1854, wadda Sanata Stephen Douglas ya ja ragamarta, ta rushe yarjejeniyar Missouri ta 1820 da ta hana bauta a yankin, aka ce mazauna yankin su zaɓa da ƙuri'a, a yi bauta ko kada a yi. A zaɓen Maris 1855 'yan bangar jihar Missouri masu son bauta suka tsallako Kansas da bindigogi, aka ƙirga ƙuri'a sama da 6,000 inda masu zaɓe ba su kai 3,000 ba. Jini ya fara zuba, gwarzo John Brown, mai yaƙi da bauta, ya shigo. Ina kuskurena?

Na Kurna: Kuskurenka kalmar gwarzo. Mutumin da ya bi gidaje tsakar dare a bakin rafin Pottawatomie, shi da 'ya'yansa da wasu, suka fito da mutum biyar aka sassara su da takubba? Uku gida ɗaya, uba da 'ya'yansa biyu. Sai da uwar ta yi ta roƙo aka bar mata ɗan shekara 16.

Maman Biyu: Yaya Na Kurna, ka faɗi rabi ka danne rabi. Kwana uku kafin nan, 21 ga Mayu 1856, masu son bauta suka afka wa garin Lawrence na masu adawa da bauta, suka ƙona otal, suka farfasa injinan buga jaridu biyu. Washegari Preston Brooks, ɗan majalisa daga Kudu, ya shiga majalisar dattawa ya yi ta jibgar Sanata Charles Sumner, mai adawa da bauta, da sanda har ya suma. 'Yan Kudu ma sabbin sanduna suka aiko masa tukuici. Wanda aka tura bango fa?

Na Kurna: Hajiya, mutum nawa suka mutu a Lawrence? Ɗaya, shi ma cikin maharan, gini ne ya rufto masa.

Ɗan Kasuwar Rimi: Ni dai mutumin Gwarzo ne gaba da baya. A cire sunan garinmu daga rigimar Turawa.

Maman Biyu: Kai kullum wasa. To a ce jarumi.

Na Kurna: Jarumi gaba da gaba yake yi, da rana tsaka. Wannan ɗan ta'adda ne.

Ustazu: Ɗan ta'adda a wurin wa? Wanda aka sayar da 'yarsa a kasuwar New Orleans ba haka zai kira shi ba. Aka rataye John Brown 2 ga Disamba 1859 bayan harin da ya kai rumbun makamai na Harpers Ferry don 'yantar da bayi, bai ce ya yi nadama ba.

Na Kurna: Ustazu, rashin nadama ba hujja ba ne. Fir'auna ma sai da ruwa ya kai masa wuya.

Ustazu: Fir'auna shi ya bautar, kai kuma ka ɗora sunansa kan mai 'yantarwa. Dama tun rigimar kuɗin gudunmawar bara duk abin da na faɗa sai ka soka.

Na Kurna: Ka kawo rasit tukuna, sannan mu yi tarihi.

Auta: Tambaya, iyayena. Ƙasar da ake faɗa a kanta ba ita aka kai ƙabilun Shawnee da Delaware, 'yan asalin Amurka, aka ce su zauna ba? Su wa ya tambaye su?

Ɗan Kasuwar Rimi: Ashe har yau ba a ga rasit ɗin ba?

Baban Ummi: Jama'a, ni a kan 1861 na yi tambaya. Jibi zan koma wurin malamin.

Maman Biyu: Ɗan'uwa, ka ce masa gwarzo ne, ya yi abin da zai yi.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. A taƙaice: mafi rinjaye sun yarda John Brown gwarzo ne, kamar yadda ni ma na daɗe ina faɗa. Hajiya Maman Biyu ta kawo hujjoji masu nauyi da kwanan wata. Na Kurna ya yi ta maimaita maganar takubba, daga baya ya ɓuge da zancen Fir'auna. Auta, naka wani darasin ne daban. Baban Ummi, Kansas ta shiga tarayya ba bauta a Janairun 1861, ka ga ke nan kai da malaminka kusan abu ɗaya kuke faɗa. Maganar rasit a same ni ta bayan fage. Na rufe.

Na Kurna: Rinjayen mutum uku, har da mai ƙirga?