Khalifa na son shiga ƙungiyar 'yan'uwantaka a Amurka: a biya ko kar a biya?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Yaron nan ya kira ni jiya da daddare, wai in ƙara masa dala 800 a kan kuɗin zangon nan, zai shiga wata ƙungiyar ɗalibai maza, irin masu suna da haruffan Girkanci ɗin nan, firatanati ko me suke ce mata. Suna da gidansu a gefen makaranta, tare suke ci tare suke kwana. Da ya ji na yi jim, sai ya turo mini wani binciken Gallup, kamfanin jin ra'ayin jama'a na Amurka, wai an tabbatar 'yan irin wannan ƙungiya sun fi sauran ɗalibai jin daɗin rayuwa bayan an gama karatu: sun fi lafiya, sun fi rufin asiri, sun fi jama'a. Ni ban taɓa taka ƙasar ba. Waɗanda suka sani su faɗa mini, haka ne?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Karatu aka tura shi ko ƙungiya? Kar ka ba shi ko sisi.

Malam Lakcara: Yaya, ni da na ji an ce 'yan'uwantaka a jami'a gabana faɗuwa yake. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a jami'ar Ibadan, kuma da kyakkyawar niyya, don yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'ya'yan manya. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, har aka kai ga ƙungiyoyin asiri irin su Black Axe. Ranar 10 ga Yulin 1999 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Ife da asuba suka kashe biyar. Su ma da sunan ɗan'uwa suka fara.

Ɗan Dalas: Baffa Malam, Allah ya ƙara girma, amma a nan ba ɗaya ba ne. Na Amurka ba a ɓoye suke ba. Makaranta ta san da su, suna da rajista, haruffan sunansu ɓaro-ɓaro a goshin gida, kuma har sakamakon jarrabawar 'ya'yansu ake bibiya. Abu ne mai tsohon tarihi, tun kafa ta farko, Phi Beta Kappa, a 1776. Kuma ba na Turawa kaɗai ba ne. A 1906 ɗalibai baƙar fata bakwai a jami'ar Cornell suka kafa Alpha Phi Alpha, lokacin da ake mayar da su saniyar ware, kuma Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a alƙalan Kotun Ƙolin Amurka, duk 'yan cikinta ne. Azikiwe da Nkrumah 'yan Phi Beta Sigma ne, ita ma ta baƙar fata.

Ni ban shiga ba, don ba ni da kuɗin, amma na ga amfaninta da idona. Wanda muke ɗaki ɗaya a shekarar farko ya shiga. Lokacin da nake ta aika takardun neman aikin koyon sana'a ana yi mini shiru, shi wani tsohon ɗan ƙungiyarsu ya ɗaga waya sau ɗaya, magana ta ƙare. Baffa, abin da Khalifa ya turo maka ba ƙarya ba ne.

Likitar Gida: Yaya, ba ƙarya ba ne, amma ba abin da yake nufi ke nan ba. Baffa, na san binciken. Na 2014 ne, Gallup da jami'ar Purdue suka tambayi mutum sama da 30,000 da suka kammala digiri. Fannoni biyar aka duba: ko mutum na ganin rayuwarsa na da alƙibla, zumunci, aljihu, zama da al'umma, da lafiyar jiki. Gaskiya ne 'yan ƙungiya sun fito a gaba. Misali a wajen aiki, kashi 43 cikin ɗari nasu sun ce zuciyarsu na kan aikin da suke yi, sauran kuwa kashi 38. Tazarar ke nan, biyar.

To amma a duba abu uku. Wannan ɓangare na rahoton an fitar da shi ne da haɗin gwiwar uwayen ƙungiyoyin kansu. Sannan su wa ke shiga tun farko? Yaron da ubansa zai iya biyan ɗaruruwan daloli ko dubbai kowane zango ba tare da ya ji a jikinsa ba, mai faran-faran da mutane, wanda kuma su 'yan ƙungiyar suka duba suka zaɓa. Kamar ka je filin folo ne a Kaduna ka tambayi masu dawaki ko suna cin abinci sau uku, sannan ka dawo ka ce hawan doki maganin yunwa ne. Na uku, waɗanda suka kammala kawai aka tambaya. Wanda aka kora, da wanda giya ta lalata wa karatu ya bari, ba sa cikin lissafin.

Ɗan Dalas: Dama na san za ki zo da wannan. To ai akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin raba tasirin ƙungiyar da na gidan da yaro ya fito. Masana tattalin arziki a kwalejin Union da ke jihar New York sun bi tsofaffin ɗalibai, suka samu cewa shiga ƙungiya na ƙara wa mutum abin da yake samu da kusan kashi 36 cikin ɗari. Wannan ba hawan doki ba ne.

Likitar Gida: Ka karanto rabin da ya yi maka daɗi. Binciken nan dai shi ya ce makin ɗalibi na sauka da kusan 0.25, a ma'aunin da ƙarshensa 4 ne. Baffa, tallafin karatun Khalifa ba da sharaɗin maki aka ba shi ba?

Baban Khalifa: Da sharaɗi. In ya sauka ƙasa da abin da suka yanka, sun janye.

Likitar Gida: To ka gani. Kuma tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya tak aka bi. Kuɗin nan ta hanyar "wane ya san wane" yake zuwa, a cikin Amurka. Khalifa da bizar ɗalibi yake zaune. In ya tattaro ya dawo Kano, tsohon ɗan ƙungiyar da ke Chicago wayar wa zai buga masa?

Malam Lakcara: Na karɓi gyara a kan cewa ba irin namu ba ne, ba sa yawo da gatari. Amma ɗana, ka tsallake maganar yadda ake shiga. Na ji ana gwale-gwale.

Ɗan Dalas: Ana yi a wasu, ba zan ɓoye ba. Amma haramun ne a dokar makaranta.

Likitar Gida: Bari in ba ku labari ɗaya, don "ana yi a wasu" ba ya nuna girman abin. Watan Fabrairun 2017, jami'ar Penn State, gidan Beta Theta Pi. Wani yaro Timothy Piazza, ɗan shekara 19, mai karatun injiniya, ya je daren karɓar sababbin shiga. Aka jera su ana ɗura musu giya, aka ba shi har sau 18 cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi. Ya faɗo daga matakalar da ke sauka ɗakin ƙasa. Suka ɗauko shi suka shimfiɗe a kujera, wani ya watsa masa ruwa, wani ya mare shi wai ya farfaɗo. Wani sabon ɗan ƙungiya ya ce a kai shi asibiti, aka ture shi gefe. Yaron ya kwana yana tashi yana faɗuwa yana buga kai, kyamarorin gidan na ɗauka. Sai bayan kusan awa 12 aka kira motar asibiti. Ranar 4 ga wata ya rasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a takarda gidan nan ba a shan giya a cikinsa. Kuma a Amurka sai ka kai shekara 21 doka ta yarda ka sha, don haka kiran motar asibiti tona wa kai asiri ne. Waɗanda yake shirin kira 'yan'uwa sun fifita rufin asirin gida a kan ransa. A shekarar dai, cikin Satumba, Max Gruver ɗan shekara 18 ya mutu ta hanyar giya a jami'ar jihar Luwiziyana.

Hajiya Babba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan mutane.

Ɗan Dalas: Waɗannan gidajen Turawa ne masu shagali. Na baƙar fata sun fi karkata ga hidimar al'umma, kuma tun 1990 suka soke tsarin wahalar da masu neman shiga.

Likitar Gida: Sun soke a takarda, ya koma ƙarƙashin ƙasa. A Fabrairun 2025 Caleb Wilson, ɗalibin jami'ar Southern a Baton Rouge, ya mutu bayan an naushe shi a ƙirji wajen neman shiga Omega Psi Phi, ɗaya daga ƙungiyoyin baƙar fatan. Wani binciken jami'ar Maine na 2008 da ya tambayi ɗalibai sama da 11,000 ya samu kashi 73 cikin ɗari na 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi, maza da mata, sun fuskanci wani nau'i na gwale-gwale. Na yarda ba kowanne ne ke kai ga asibiti ba, wani wulaƙanci ne kawai da hana barci. Amma ba za a ce tsiraru ba ne.

Ɗan Dalas: Ban musa ba. Sai dai abubuwa sun motsa. Daga 2019 babbar uwar ƙungiyoyin maza ta hana ajiye barasa mai ƙarfin da ya haura kashi 15 a gidajensu. A Disamban 2024 Biden ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa wallafa sunan duk ƙungiyar da aka samu da laifin gwale-gwale. Yau uba zai iya dubawa kafin ya biya.

Malam Lakcara: Abin da sai da majalisar ƙasa ta yi masa doka, ai ba ƙarami ba ne.

Hajiya Babba: Ku kuna ta lissafin kashi kaza cikin ɗari. Ni tambayata ɗaya: gidan da ake shan giya, ko mai ƙarfi ko mara ƙarfi, ana kawo mata ana kiɗa har asuba, a nan jikan Malam zai kwana ya tashi ya yi sallar asuba? Wane jin daɗi ake nema a nan?

Ɗan Dalas: Gwaggo, a nan kam ba ni da ta cewa, yawancinsu haka suke. Amma akwai ta Musulmi. A nan Dalas aka kafa ta a 2013, a jami'ar Teksas, sunanta Alpha Lambda Mu, daga Alif Lam Mim suka ɗauko. Ba giya, ba gwale-gwale. Matsalar ita ce rassanta kaɗan ne, ba lalle a samu a makarantar Khalifa ba.

Maman Khalifa: Ku gafarce ni, tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Yaya Hajiya, ni ma ba na son ya shiga. Amma duk an yi ta magana a kan ƙungiya, ba wanda ya tambayi me ya kai shi nema.

Ranar Babbar Sallah na kira shi ta bidiyo. Mu nan gida cike, ana suya, yara na ta guje-guje. Shi yana zaune a bakin gado da rigar sanyi, da indomi a cikin kofin roba. Na ce ka je idi? Ya ce yana da aji, kuma masallacin sai da mota. Na ce da wa ka yi magana yau? Ya yi dariya ya ce, "Ke ce ta farko, Umma." A can ƙarfe huɗu na yamma ne. Da muka gama na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Yaran ƙungiyar nan su ne suka fara tsayar da shi a hanya suka tambayi sunansa, suka koyi faɗinsa daidai, suka kira shi cin abinci. Yaron da ya tashi a gidan mutum ashirin. Ba binciken Gallup ne ya ja shi ba, wannan ya nemo ne don ya san Alhaji sai da takarda.

Baban Khalifa: Ba ki taɓa gaya mini wannan ba.

Maman Khalifa: Shi ya roƙe ni kar in faɗa.

Likitar Gida: Anti, kin fi mu gaskiya. Kaɗaici ciwo ne na sosai. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kansa, har ya kwatanta illarsa da shan sigari 15 a rana. In akwai abin da na yarda da shi a binciken can, to shi ne mutumin da ke da waɗanda za su neme shi in ba su gan shi ba ya fi zama lafiya. Abin da ban yarda ba shi ne sai ta wannan ƙofar ake samu.

Ɗan Dalas: Laifina ne ni ma. Na sha irin wannan a hunturuna na farko, na yi sati uku ban yi Hausa da kowa ba sai ni kaɗai a banɗaki, amma ban taɓa kiransa na tambaye shi ba. Kusan kowace babbar jami'a na da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗaliban Afirka, zan nemo masa su a daren nan. Amma Baffa, ina roƙo kar a ce masa a'a kai tsaye. A tambaye shi sunan ƙungiyar, in duba ko makarantar ta taɓa hukunta su. Yaron da aka rufe wa ƙofa ba bayani, ta taga yake fita.

Baban Khalifa: To shi ke nan. Kuɗin ba zan tura yanzu ba. Ka karɓi sunan ka bincika, ka kuma yi magana da shi kai da shi, ba da bakina ba. Hutun da suke yi a ƙarshen Nuwamba kuma zan biya masa jirgi ya zo wajenka.

Malam Lakcara: Ni dai ko an duba an ga ba su da laifi, a tambaye shi abin da ake yi a daren shiga. In ya ce sirri ne, a dawo nan a sake zama.

Hajiya Babba: Akwai mai tafiya wata mai zuwa, zan haɗa masa kilishi da dambun nama da yaji.

Ɗan Dalas: Gwaggo, ban da nama, kwastan ɗinsu ƙwacewa suke a filin jirgi. Yaji da kuka dai, kuma mai kawowa ya nuna musu da kansa.

Hajiya Babba: Ƙasar da ake hana kilishi shiga a bar giya. A sa kuka da kuɓewa busasshiya. Dala 800 ɗin nan kuwa ni har yanzu ban yarda ba.