Abin da Aka Fi Jaddadawa kan Magungunan Cutar Parkinson

A wata tattaunawa da masu cutar Parkinson (cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki) da masu jinyarsu suka yi, maganar da ta fi jan hankalina ita ce ta maganin amai. Magungunan amai irin su metoclopramide da prochlorperazine suna toshe aikin sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwa, wato abin da mai Parkinson ke ƙarancinsa tun farko. Mutum ya sha don tashin zuciya, washegari jiki ya sandare, ƙafa ta ƙi ɗaguwa daga ƙasa, a zaci cutar ce ta tsananta. Haloperidol, maganin taɓin hankali, shi ma haka yake. Akan ba da domperidone a madadin waɗancan magungunan amai, amma sai likita ya duba lafiyar zuciya tukuna.

Mai shan selegiline ko rasagiline, waɗanda magungunan Parkinson ne, ya guji magungunan rage zafin ciwo pethidine da tramadol, da maganin tari mai ɗauke da dextromethorphan, domin haɗuwarsu na iya kawo zazzaɓi mai zafi da rikicewar hankali. Wannan kam ba abin wasa ba ne.

Game da levodopa, babban maganin Parkinson, furotin na rage shigarsa jiki, don haka da yawa suna sha minti 30 kafin abinci. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe kuwa a ba ta tazarar awa 2 tsakaninta da levodopa.

Kada a daina maganin Parkinson farat ɗaya, ko da an kwanta asibiti. A riƙe takarda mai sunayen magungunan da lokutan shansu, a nuna wa kowane likita. Idan mai shan pramipexole, wani maganin Parkinson, ya fara caca ko yawan saye-saye ba gaira ba dalili, ko barci na sace shi tsakar rana, iyali su gaggauta sanar da likitansa.