Na shiga jami'ar da na daɗe ina buri, yanzu ji nake kamar kuskure aka yi aka ɗauke ni

Ɗalibar aji ɗaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi karatu a irin jami'o'in nan da ake rububin shiga. Ba zan faɗi sunan makarantar ba.

Sati na biyar ke nan da fara karatu, tattalin arziki nake karantawa. Ranar da aka sanar da ni an ɗauke ni har kukan murna na yi. Yanzu ma kukan nake, amma ba na murna ba. Tun daga firamare ban taɓa wuce ta uku a aji ba, a nan kuwa maƙalata ta farko da maki 61 ta dawo, gefenta duk rubutun malami. Kowane sati mu biyu muke zama gaban malami na awa guda, a tattauna abin da muka rubuta. Wanda aka haɗa mu bakinsa kamar reza, yana ja da malami yana dariya. Ni kuwa harshena sai ya yi nauyi, amsar da na sani ma ta gudu. Ga zangon sati takwas ne kacal, kafin in gama littattafan wannan sati an turo jerin na gaba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yanayin wurin. Kowa a natse yake, kowa da fara'arsa. Wannan yana ƙungiyar muhawara, wancan yana tseren kwale-kwale, waccan tana rubutu a jaridar ɗalibai, kuma duk suna miƙa aiki a kan lokaci. Ni daga ɗaki sai laburare, ban shiga komai ba, kuma ni ce a baya. In an kira daga gida sai in ce lafiya lau. In ƙara kulle kaina ne in yi ta karatu har in kamo su, ko in fara neman makarantar da ta fi daidai da ni?

Tsohuwar ɗaliba:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina ganin kin ce sati na biyar na yi murmushi, ba don raina damuwarki ba. A jami'o'in Oxford da Cambridge na Ingila wannan satin har suna gare shi a bakin ɗalibai, ƙuncin sati na biyar suke ce masa. Zumuɗin zuwa ya ƙare, bashin barci ya taru, hutu kuma bai matso ba. Ba ke kika fara ba.

Bari mu fara da makin nan, don na lura da tsohon ma'auni kike auna shi. A tsarin jami'o'in Ingila, 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 60 zuwa 69 kuma babbar daraja ta biyu, wadda da ita ɗalibai masu yawa suke fita kuma a ɗauke su aiki ko digiri na biyu. A fannonin da ake rubuta maƙala, ka ga 80 abu ne da ba kasafai ba. To ke da kika saba da 90 kin ga 61 kin ɗauka faɗuwa ce, alhali malamin ce miki yake kin kama hanya. A maƙalar farko fa!

Sannan ki bincika ki tabbatar, amma a jami'o'in da ke da irin wannan zama na ɗalibi biyu ko uku da malami, maƙalar mako ba ta shiga lissafin sakamakon digiri. Filin gwaji ne. An yi shi ne don ki kawo hujja a rusa ta, ki sake ginawa. Ni sai da na cinye zango guda ina rubuta abin da ba wanda zai iya kushewa, wato ina jero ra'ayin malamai ba tare da na ce ga nawa ba, har wata rana malamar ta ajiye takardar ta tambaye ni, to ke me kike gani? Na rasa ta cewa. Daga ranar na gane abin da ake nema.

Jerin littattafan kuma ba wanda ke karance shi. Wanda ya ce miki ya karance, ki dube shi da kyau. Ki karanta tambayar maƙalar tukuna, ki zaɓi uku ko huɗu, ki duba gabatarwa da kammalawa da babin da ya shafe ki. In kin rasa na zaɓa, tambayi 'yan aji biyu, su suka san wanda malamin ya fi so.

Malamin jami'a:

'Yata, shekaruna sun kusa ashirin ina koyarwa, kuma abin da kike ji sananne ne har an yi bincike a kansa. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa nazari kan mata fiye da 150 da suka yi zarra a karatu da aiki, amma a ransu suna ganin sa'a ce kawai ko kuskuren wani, kuma wata rana asiri zai tonu. A 1984 kuma Herbert Marsh da John Parker suka nuna wani abu da ya fi kusa da halin da kike ciki: ɗalibai biyu masu ƙwaƙwalwa ɗaya, wanda ke makarantar haziƙai ya fi raina ƙoƙarinsa a kan wanda ke makarantar gama-gari. Misalin babban kifi a ƙaramin tafki suka kawo. Ƙwaƙwalwarki ba ta ragu ba, abin da kike auna ta da shi ne ya canza. An tara na ɗaya na ɗaya daga makarantu ɗaruruwa a aji guda, dole rabinsu su kasance ƙasa da tsakiya. Lissafi ne, ke da kike karanta tattalin arziki kin fi ni sani.

Manyan jami'o'in ma sun san da haka. A MIT, jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, ba a rubuta wa ɗalibin aji ɗaya maki a takardar sakamakonsa na zangon farko. In ya ci a rubuta ya ci, in ya faɗi kwas ɗin ba zai ma fito a takardar ba.

Game da ɗaukar kuskure: in makarantarku na cikin masu yi wa ɗalibi ganawa kafin ɗauka, akwai yiwuwar malaman da ke koyar da ke su ne suka zauna da ke suka zaɓe ki. Ki je ki ƙwanƙwasa ƙofar malamin nan. Mu malamai lokacin da muke warewa don ganin ɗalibai sau da yawa zaman jira muke yi, ba mai zuwa sai waɗanda suka saba tun sakandare. Matambayi ba ya ɓata.

Ɗan aji uku:

A jami'ar Stanford ta Amurka agwagwa suke kiran abin nan da kike gani. A saman ruwa tana tafiya salin-alin, a ƙasa ƙafafunta kamar za su tsinke. Mai tseren kwale-kwalen nan da asuba yake tashi ya tafi kogi, je ki leƙa shi a lakcar ƙarfe tara ki ga yadda yake gyangyaɗi. Ni ma an sha ce mini ina da natsuwa, alhali sau uku na nemi a ƙara mini lokacin miƙa aiki a zango guda.

Baban Biyu:

Ni dai ra'ayina daban. Karatu ya kai ki, ba muhawara ko kwale-kwale ba. Ki rufe ido ki rufe kunne, ki riƙe laburare. Bayan shekara uku takarda za a tambaye ki.

Tsohuwar ɗaliba:

Baba ku yi haƙuri, a nan kam ban bi ku ba. Ai abin da take yi ke nan sati biyar, ga inda ya kai ta. Abin da ya gagare ta magana ce a gaban malami, ita kuwa magana ba a koyon ta a laburare inda aka hana ko tari. Rabin abin da na koya a tattaunawa da 'yan uwana ɗalibai na koye shi, a kan hanyar dawowa daga lakca. Ban ce ta shiga ƙungiya biyar ba. Ɗaya tak, wadda ake haɗuwa duk sati, fuskoki iri ɗaya, har a saba. In muhawara ce ma ba sai ta tashi ta yi magana ba, ta je ta zauna ta ji yadda ake ɗora hujja. Ƙungiyar muhawara ta Oxford tun 1823 take, Benazir Bhutto, tsohuwar firaministar Pakistan, ta taɓa shugabantar ta, amma yawancin membobinta sauraro kawai suke zuwa yi.

Mai digiri na uku:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma kada mu shafa wa abin mai da yawa. Ba duka ne a zuciyarki ba, ƙanwata. Akwai bambanci na zahiri. Wasu abokan karatunki daga makarantun da ake horar da yaro ja-in-ja da malami tun yana ɗan shekara goma sha uku suka fito, iyayensu ko yayyensu sun yi wannan jami'ar, sun san wa ake rubuta wa in ana neman ƙarin lokaci, sun san yaushe ake neman gurbin koyon aiki na hutun bazara. Mu da aka rene mu a kan cewa ladabi shi ne yin shiru gaban malami, sai mu ga kamar rashin kunya suke yi. Su kuma malaman suna ɗaukar shirunmu rashin shiri ne. Wannan ba ƙwaƙwalwa ba ce, sabo ne, kuma ana koyon sa, sai dai yana cin lokaci, yana kuma cin rai.

Ki lura da abokin zamanki sosai a zama na gaba. Ƙirga sau nawa abin da ya faɗa ya amsa tambayar da aka yi. Za ki sha mamaki.

Batun canza makaranta kuwa ba abin kunya ba ne, na san wanda ya yi kuma ya ji daɗi. Amma ba a sati na biyar ake yanke shi ba, ba kuma da ido biyu da ƙarfe ukun dare ba. Ki gama shekarar, ki ga sakamakon jarrabawa ta ainihi.

Maman Ɗalibai:

'Yata, ni ban yi irin wannan makaranta ba, amma ina da 'ya'ya a jami'a. Wannan lafiya lau da kike ce wa mutanen gida ki daina. Uwa tana jin muryar ɗanta. Ko mutum ɗaya ne ki zaɓa ki gaya masa gaskiya. Kina barci kuwa? In kukan nan kullum ne, ko kin fara kasa tashi da safe, kada ki jira hutu, ki je wurin likita ko masu ba ɗalibai shawara na makarantar. Allah Ya yi miki jagora.

Ɗan aji uku:

Ƙari a kan na Mama, in a Birtaniya kike, jami'o'i da dama suna da Nightline, ɗalibai ne ke ɗaukar waya da dare su saurare ki, ba sai kin faɗi sunanki ba.

Ɗalibar aji ɗaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama, barcin awa huɗu ne zuwa biyar, na ji kuma zan gyara. Anti, na duba littafin dokokin sashenmu yanzu, gaskiyarku, maƙalar mako ba ta cikin lissafi. Wallahi sati biyar ban sani ba. Malam, ina so in je wurin malamin amma ban san me zan ce ba, kada in je in tsaya kamar gunki.

Malamin jami'a:

Layi uku ya isa. Ki gaishe shi, ki ce kina son minti goma sha biyar kan gyaran da ya yi wa maƙalarki, ki tambayi lokacin da ya dace da shi. Ki tafi da takardar a hannu, kin ja layi ƙarƙashin wuri biyu da ba ki gane ba. In kun gama ki tambaye shi abu ɗaya da zai so ya gani ya canza a maƙala ta gaba. Ki kuma gaya masa kai tsaye cewa magana a zaman tana yi miki wuya, ki roƙi ya riƙa fara tambayarki kafin abokin naki ya buɗe baki.

Ɗalibar aji ɗaya:

Na tura saƙon. Har ya amsa, ya ce Alhamis ƙarfe biyu, wai in zo da tsarin maƙalar gaba ma ko da rabin shafi ne.