Wai mene ne faranchayis a doka? Ku taimaka kafin in sa hannu

Ɗan_Sabongari:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wani abokin yayana ne ya kawo min maganar in buɗe gidan soyayyar kaza da shawarma da sunan wani kamfani na Legas, wai faranchayis ake ce masa, zan biya kuɗin shiga sannan duk wata su riƙa cire kasonsu. Ni a tunanina tunda ni zan kama shago in sayi firji da janareto da injin suya ai mun zama abokan tarayya kenan, riba tare asara tare, shi kuma ya ce sam ba haka ba ne. Kuɗin nan na gado ne har da na ƙannena mata a ciki, shi ya sa nake tsoro wallahi.

Lauya_Ƙarami:
Wa alaikumus salam. Abokin yayanka ya fi ka gaskiya malam. Ba tarayya ba ce, izini ne suka sayar maka na wasu shekaru, ka yi amfani da sunansu da tambarinsu da tsarin aikinsu. Shagon naka ne, kai za ka yi masa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, haya kai, albashin yara kai, bashi in ya hau kai zai hau. Kuma ka buɗe ido a nan, kason da suke cirewa yawanci daga jimlar ciniki ne ba daga riba ba, wato ko watan da dizal ya cinye ka sai ka biya su.

A Amurka hukumar kula da harkokin kasuwanci ta FTC ta wajabta wa mai sunan ya miƙa maka kundin bayani mai sassa 23 aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya ko sisi, har da shari'o'in da aka yi da shi da lambobin waɗanda suka riga ka shiga. Mu nan in rigima ta tashi takardar da ka sa wa hannu kotu za ta fara dubawa, don haka ita ce garkuwarka. Ka sa lauya ya bincika a ofishin rajistar tambura na Abuja ko tambarin ma nasu ne da gaske. Da kamfanin na ƙasar waje ne, kamar yadda KFC ya shigo Najeriya a 2009, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP, hukumar da ke kula da shigo da fasaha daga waje, amma naku duk 'yan gida ne.

Maman_Ilham:
Ƙanena ni na taɓa shiga irin wannan a Kaduna, bari in faɗa maka abin da lauya ba zai ji a jikinsa ba. Komai sai daga wajensu za ka saya, garin shafa kaza, kwali, leda, hatta hular da yara ke sawa, alhali ga shi nan a kasuwa da araha. Da azumi ya zo na ce bari in sa kunun gyaɗa da ƙosai a gaban kanta don masu buɗa baki, kwana uku sai ga mai duba shaguna ya zo da fayil ɗinsa wai na saɓa tsari in kwashe. Wannan duk na haƙura. Abin da ya karya ni shi ne da suka ba wani izini ya buɗe a titin bayana, na je da faɗa na aka buɗe min takarda, babu inda aka rubuta cewa unguwar tawa ce ni kaɗai. Ni ce ban karanta ba. Ba zan ce ban amfana ba kam, ranar farko da na buɗe layi har waje saboda sunan.

Bala_Mai_Caji:
To ni na ga ana cewa Kano da Katsina da Jigawa yankin faranchayis ɗin KEDCO ne, su ma kaza suke soyawa? 😂

Lauya_Ƙarami:
Haha Bala kalmar ce mai faɗi. Asalinta izini ko gata da hukuma ke ba wani, shi ya sa yankin da aka ba kamfanin rarraba wuta ake kiransa haka, har 'yancin jefa ƙuri'a ma da ita ake kiransa a littattafan doka. Ɗan_Sabongari ka ji maganar Hajiya, a rubuta maka iyakar yanki ƙarara, shekara nawa ne, wa ke da ikon sokewa, kuma in kun rabu ko za su hana ka sayar da kaza a wannan shagon.

Ɗan_Sabongari:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na kira shi na ce ya turo min takardar gaba ɗaya, wai sai na fara biyan rabin kuɗin shiga tukuna. Hajiya ke ma haka suka yi miki?