Musayar Waƙa: Me Za A Dasa A Tsakar Gida?

Autar Zaure:
Assalamu alaikum manyana, ga tambaya a baiti.

Da sunan Allah za ni fara,
Mai ba mu damina da bazara,
Wane fure ke jure wa gara,
Da zafin rana ba ya bushewa?

Tsakar gida in ba ta da girma,
Siminti ta hagu, siminti ta dama,
Sai tukwane da rabin duro ma,
Me za a dasa ya yi ƙayatarwa?

Baba Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, 'yata.

Kariya ce farkon zaɓa,
Ruwan da take so bai fi raɓa,
Ƙaronta dafi ne, kar a taɓa,
A nisanta ta da yaro mai rarrafawa.

Gindinta tulu ne, ta tara
Abin da za ta sha a bazara,
Ganye ya zube, fure ya ƙara,
Ja da fari, rana na ƙonawa.

Yashi kwano biyu za ki auno,
Ƙasa guda, taki rabin kwano,
Ki huda gindin tukunya, ki gano
Ruwa yana bi ta ƙasa yana fitowa.

In kin yanko reshe domin dashe,
Kwana uku a inuwa, bakin ya bushe,
Wanda aka soka ɗanye, a ƙarshe
Baƙi yake yi, ya kama ruɓewa.

Gwaggo Mai Lalle:
Malam, kariya akwai ta da fure,
Amma hanci bai samun turare,
Lalle fa, in ya yi huda, da dare
Har zaure ƙamshinsa ke kaiwa.

Sanda taƙi guda, kaurin yatsa,
Farkon damina a ƙasa a cusa,
Taƙi biyu tsakani, kar a matsa,
Su haɗe su yi shinge mai tarewa.

In ya kai ƙugu a datse kansa,
Sai ya cika, ya yawaita rassa,
Tsohon lalle ƙaya ce jikinsa,
Sabon toho aka fi so wajen dakawa.

Ɗan Fadama:
Gwaggo, a bar ni in sa baki,
Yakuwa ma tana da hakki,
Ƙwaya uku a rami, da ɗan taki,
Yuni ko Yuli, ruwa na zaunawa.

Ramin kar ya wuce gaɓa a zurfi,
In sun tsiro a bar mai ƙarfi,
Kamu biyu tsakani shi ya fi,
Cunkoso tsawo yake sa su, ba cikowa.

Furenta sai an doshi kaka,
Fari-fari ne, da ja a tsaka,
Yini guda yake yi, bayan haka
Mako uku zoɓo ya isa tsinkewa.

Autar Zaure:
Allah Ya saka. Baba, saura guda.

Buganbila mai bin katanga,
Ta yi ganye har ta rufe danga,
Ana ba ta ruwa cikin ganga,
Me ya hana ta launi fitarwa?

Baba Mai Lambu:
Shagwaɓa ce, 'yata, ba cuta,
Ruwa da yuriya sun sangarta ta,
A janye su, ƙasa ta bushe, a bar ta
Awa shida a rana tana gasuwa.

Jan da kike so ai ganye ne,
Furen na ciki, ɗan fari ne,
A sabon reshe yake, shi ne
Dalilin aski bayan ya gama zubewa.

Sai marka kuma, watan Agusta,
Kariya rumfa za a kai ta,
Gindi in ya yi laushi, tone ta,
Yanke ruɓar, ki ba wurin damar bushewa.

Gwaggo Mai Lalle:
Kun manta da masu ganye, ni ban manta ba.

Gefen inuwa, kusa da randa,
Nan gwaza take so, nan ne inda
Ɗigon ruwa kan ganye, wanda
Ya yi kamar tsakiya, yake gangarawa.

Ɗoɗɗoya kuma bakin ƙofa,
Huda in ta fito, tsinke ki jefa,
Barin ta ta yi iri shi ne tsufa,
Ganye ya ƙanƙance, ƙamshi na raguwa.

Ɗan Fadama:
Darɓa in ta maƙale bayan ganye,
Ya yi danƙo, ya nannaɗe, ya shanye,
Ganyen darbejiya a daka shi ɗanye,
Kwano guda a bokiti, ya kwana jiƙuwa.

A tace, a sa ɗan sabulu ma,
A fesa bayan ganyen da yamma,
Kwana biyar a sake, amma
Feshin tsakar rana ganye yake ƙonawa.

Kashin kaji ɗanye wuta ne,
Saiwa yake ci, kar a ce taki ne,
Sai ya yi wata uku a binne,
Ya yi baƙi, wari ya daina tasowa.

Baba Mai Lambu:
Garar da kika ambata da farko,
Tukunya a turɓaya ba ta ƙarko,
Ɗora ta kan bulo, toka ce tarko,
Ruwa in ya wanke, a sake zubawa.