Fenti yana bushewa kafin ya sauka a jikin jirgi, mene ne mafita?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wani ƙane ne nan Yamai ya fara koyon haɗa ƙananan jiragen sama na roba, yana kan jirgin yaƙi Spitfire na kamfanin Airfix, sikeli 1/72 (wato an rage girmansa sau 72). Haɗin ya yi kyau, wajen feshi ne aka maƙale.

Fentin kamfanin Tamiya ne, mai lamba XF-52, an sirka shi da ruwan sirkinsu X-20A rabi da rabi. Bakin abin feshin milimita 0.3, ƙarfin iska bar 1.5, tazara kamar santimita 15. Sai fentin ya sauka da tsakuwa-tsakuwa kamar yashi, musamman a kusurwar da fiffike ya haɗu da jiki. Dalilin a fili yake: da zafin Afrilu, digiri 40 da ɗoriya, ga iska busasshiya, ɗigon yana bushewa tun a hanya.

An rage iska zuwa bar 1, an matso santimita 8, an koma feshi bayan sallar asuba. Da sauƙi, amma bai tafi ba. Da aka ƙara sirki kuwa, fentin ya riƙa zuba.

Maganin jinkirta bushewa na Tamiya bai samu ba. Gilisarin na farmasi zai iya maye gurbinsa? Ɗigo nawa a mililita 10 na fenti? Fentin da ya riga ya yi tsakuwa kuma, a goge shi da samfefa mai lamba 2000, ko a wanke da alkol a sake daga farko?