Haska jiki gaba ɗaya kafin dashen ɓargo: yaya ake yin sa?

Uban yaro, Gwammaja

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 16 yana fama da sankarar jini, irin wadda likitoci ke kira ALL, kuma da ciwon ya dawo bayan magani sai aka ba mu shawarar dashen ɓargo a Indiya, tunda an gwada ƙanwarsa an ga nata ya dace da nasa. A takardar da aka aiko mana an rubuta cewa za a haska jikinsa gaba ɗaya da na'urar gashi har kwana uku kafin dashen. Ni dai abin da na sani, wurin da ƙari yake kaɗai ake gasawa. Yaya za a gasa mutum daga kai har ƙafa kuma ya tashi? Mahaifiyarsa ba ta runtsa ba tun ranar da na karanta mata takardar.

Ma'aikacin sashen gashi, Tarauni

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba shi lafiya. Kalmar gashi ce ke tsorata mutane, alhali ba wuta ba ce, kuma yaron ba zai ji zafi ba yayin da na'urar ke aiki. Ana haska jikin ne domin a kashe ragowar ƙwayoyin cutar, har da waɗanda ke ɓuya a ƙwaƙwalwa da maraina inda magani ba ya isa sosai, sannan a kwantar da garkuwar jikinsa don kada ta ƙi ɓargon ƙanwarsa.

Ma'aunin hasken sunansa gire, kuma abin da aka fi bayarwa shi ne gire 12, a raba shi kashi shida, safe da yamma, da tazarar aƙalla awa shida, domin lafiyayyun sassan jiki su sami damar farfaɗowa. A tsohuwar hanya, wadda har yanzu ake bi, ana juya kan na'urar ya kalli bango, a ajiye majinyaci nesa da ita kamar mita huɗu don hasken ya game shi duka, a haska ta gaba sannan ta baya, ko ta gefe da gefe. Ana sa faifan roba mai gani-garau a gabansa domin fata ma ta sami rabonta. Huhu ne abin da muke tsoro, domin ba ya jure wa adadin da ɓargo ke buƙata, shi ya sa ake yanka darma daidai surar huhun majinyaci a tare wani ɓangare na hasken. A sababbin hanyoyi kuwa, irin su VMAT, yaro yana kwance a kan gadon na'urar tana zagaya shi, kwamfuta na rage hasken a kan huhu da ƙoda bisa hoton CT da aka ɗauka. Ku tambaye su wacce hanya za su bi, da adadin da huhu zai samu.

Likitar yara, Nasarawa

Baban yaro, shawarar da aka ba ku tana da tushe. Binciken FORUM da aka wallafa a 2021 ya kwatanta yara masu ALL 'yan shekara huɗu zuwa sama da aka yi wa dashen ɓargo, aka ga waɗanda aka haska tare da maganin etoposide sun fi waɗanda aka ba kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara) kaɗai rayuwa: kashi 91 cikin ɗari bayan shekara biyu, su kuwa kashi 75. Ku sa ran tashin zuciya, da kumburin gefen kumatu, da bushewar baki a kwanakin farko, kuma daga baya yanar ido na iya fitowa.

Abin da ya fi damuna, wanda kunya ke hana iyaye tambaya, shi ne haihuwa. Wannan adadin yakan hana namiji haihuwa har abada, kuma tunda ɗanku ya balaga, ku nemi a duba ko za a iya adana maniyyinsa kafin a fara, domin bayan an haska babu sauran dama.

Uban yaro, Gwammaja

Allah ya saka muku da alheri. Maganar haihuwar ba ta taɓa zuwa raina ba. Gobe idan Allah ya kai mu zan rubuta musu a kanta, amma sai na fara zama da yaron shi kaɗai.